Daga "Augustus" Zuwa "Agusta": Tarihin Sifar Da Ta Zama Sunan Wata



Duk shekara idan wata na takwas ya kama, sai ka ga an rubuta sunansa iri uku: wani ya rubuta Agusta, wani Ogusta, wani kuma Augusta, kowa yana ganin nasa ne daidai. Kafin mu ce ga wanda ya kamata ɗalibi ya riƙe, bari mu bi kalmar har gidansu. Gidan nan kuwa birnin Rum ne a ƙasar Italiya, harshen kuma Latin. A can kalmar sifa ce, kamar yadda "dogo" da "sabo" suke sifofi a wurinmu. Tun kafin a san wani wata ko wani sarki mai wannan suna ake amfani da ita.

ASALIN KALMAR

Sifar ita ce augustus. Saiwarta aug-, wadda ke ɗauke da ma'anar ƙaruwa da bunƙasa. Daga wannan saiwa Latin ta sami aikatau augere, wato ƙara ko haɓaka. Daga ita aka sami auxilium (taimako, wato ƙarin ƙarfi), da auctor (wanda ya assasa abu, har da mawallafi), da auctoritas (nauyin magana, faɗa a ji), da auctio (gwanjo, domin a nan ake ta ƙara farashi).

Guntun da ke ƙarshe, wato -tus, ɗafa-ƙeya ne da ake liƙa wa suna ya koma sifa, aikin da "mai" take yi mana a Hausa. Duba:

ius (haƙƙi) → iustus (mai adalci)
onus (kaya) → onustus (mai ɗauke da kaya)
venus (kyau) → venustus (mai kyau)
robur (ƙarfi) → robustus (mai ƙarfi)

A kan wannan tsari masana suka ce augustus ta fito ne daga wani tsohon suna mai ma'anar ƙaruwa, don haka asalin ma'anarta "mai ƙaruwa". Amma fa ƙaruwar da ake nufi ita ce irin wadda Rumawa suka yi imani gumakansu ne ke bayarwa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kalmarmu ta "albarka" ma ta haɗa ma'anonin biyu. In an ce gona ta yi albarka, yawa ake nufi. In an ce wuri mai albarka, daraja da tsarki ake nufi.

Kalmar tana da 'yar'uwa, augur, sunan bokan gwamnati da ke duban tashin tsuntsaye kafin a yi yaƙi ko zaɓe, ya ce an yarda ko ba a yarda ba. Mawaƙi Ennius, wanda ya rasu a shekara ta 169 kafin Miladiyya, ya yi amfani da sifar augustus wajen bayyana duban tsuntsayen da aka ce da shi aka kafa birnin Rum. A wancan zamani galibi wuraren bauta da abubuwan tsafi ake sifantawa da ita. Ba a taɓa sa wa wani ɗan siyasa ita a matsayin suna ba.

A kula da wata kalma mai kama da ita: angustus, da "n". Ita ma'anarta matsattse, ƙuntatacce. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma saiwarsu daban.

YADDA AKE FURTA TA

A nan Bahaushe ya fi Bature sauƙi. Kalmar gaɓa uku ce: au-gus-tus.

"Au" ɗin tagwan wasali ne, daidai da wanda ke cikin "aure" da "sauri" da "ɗauka". "G" ɗin irin na "gida" ne, domin a Latin ta asali harafin ba ya komawa "j" ko a gaban wane wasali. "U" biyun da suka rage gajeru ne, kamar na "gusa". "S" kuma "s" ce zalla.

Latin ba ta da karin sauti irin namu na sama da ƙasa, amma tana danna gaɓa ɗaya a kowace kalma. Ƙa'idar ta dogara ne da abin da muka sani a darasin gaɓa, wato nauyi. Idan gaɓar kusa da ƙarshe mai nauyi ce, ita ake dannawa. Idan marar nauyi ce, sai a koma wadda ke gabanta. To "gus" baƙi-wasali-baƙi ce, mai nauyi ke nan, saboda haka furucin shi ne au-GUS-tus. Ku riƙe wannan, domin shi ne zai bayyana mana inda "u" ta farko ta tafi.

A rubutu kuwa, Rumawa ba su raba U da V ba. A jikin kuɗinsu da duwatsunsu AVGVSTVS ake gani, ko a taƙaice AVG.

SIGOGINTA A NAHAWU

Sifar Hausa tana bin sunan da take sifantawa ta fuska biyu, jinsi da adadi: sabo, sabuwa, sababbi. Sifar Latin tana bin sa ta fuska uku.

Na farko jinsi, kuma nasu uku ne: namiji, mace, da na uku wanda ba namiji ba mace ba.

locus augustus: wuri mai alfarma (namiji)
domus augusta: gida mai alfarma (mace)
templum augustum: ɗakin bauta mai alfarma (jinsi na uku)

Kun lura "gida" namiji ne a Hausa, amma domus mace ce a Latin. Kowane harshe da yadda ya raba nasa.

Na biyu adadi. Hausa jam'i ɗaya take yi wa maza da mata, ita kuwa Latin kowane jinsi da nasa: augusti, augustae, augusta.

Na uku shi ne wanda babu shi a Hausa, amma duk wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san shi: sauyin ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, kamar kitabun, kitaban, kitabin. Larabci hali uku ne, Latin shida. Ga su a jere, namiji, mace, jinsi na uku:

TILO
1. Aikau: augustus, augusta, augustum
2. Karɓau: augustum, augustam, augustum
3. Mallaka (na/ta): augusti, augustae, augusti
4. Wanda aka yi wa (wa/ma): augusto, augustae, augusto
5. Bayanau (da, daga, a): augusto, augusta, augusto
6. Kira (ya wane!): auguste, augusta, augustum

JAM'I
1. Aikau da kira: augusti, augustae, augusta
2. Karɓau: augustos, augustas, augusta
3. Mallaka: augustorum, augustarum, augustorum
4. Wanda aka yi wa, da bayanau: augustis ga duka ukun

Amfanin wannan wahala shi ne, ƙarshen kalma ne ke faɗin wa ya yi wa wa. Duba waɗannan jimloli biyu:

Augustus populum amat: Augustus yana son jama'a.
Augustum populus amat: jama'a suna son Augustus.

Jerin kalmomin bai sauya ba, ma'ana ta juye. A Hausa dole sai mun sauya wa kalmomin mazauni.

Akwai wani abu a jadawalin da ya kamata ya ja hankalin ɗalibin Hausa. A layin mace, "augusta" ta aikau da "augusta" ta bayanau rubutunsu ɗaya, amma ta farko gajeren wasali ne a ƙarshenta, ta biyu dogo. Rubutu bai nuna ba, baki ne ke rabawa. Mu ma haka muke: "dare" a cikin "dare ya yi" dogon wasali ne a ƙarshe, amma a cikin "ya zo da dare" gajere ne.

Wajen fifiko, inda Hausa ke kawo "fi" da "mafi", Latin ɗafa-ƙeya take sawa: augustior (ya fi alfarma, ga namiji da mace), augustius (ga jinsi na uku), augustissimus (mafi alfarma).

RANAR DA SIFA TA ZAMA SARAUTA

Rumawa sun tsani kalmar rex, wato sarki, tun daga korar sarkinsu na ƙarshe, wadda tarihinsu ya ajiye a shekara ta 509 kafin Miladiyya. Zargin neman sarauta na cikin abin da ya sa 'yan majalisar dattawa suka daba wa Yuliyas Kaisar wuƙa ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin Miladiyya.

Magajinsa shi ne jikan 'yar'uwarsa, Oktabiyan, wanda ya ɗauka ɗa a cikin wasiyya. Bayan shekaru na yaƙin basasa, ya karya rundunar Mark Antoni da Kiliyobatra a Aktiyum a shekara ta 31, ya ci Iskandariyya ta Masar a shekara ta 30. Sojoji da taska duk suka dawo hannunsa. Saura abu ɗaya: da wane suna zai yi mulki? In ya ce shi sarki ne, ya ga abin da ya sami Kaisar. Marubucin tarihi Cassius Dio ya ruwaito cewa ya so a kira shi Romulus, sunan wanda ya kafa birnin, amma ya fasa, domin Romulus sarki ne.

Ranar 16 ga Janairu, shekara ta 27 kafin Miladiyya, bisa shawarar wani ɗan majalisa mai suna Munatius Plancus, majalisa ta ba shi laƙabin Augustus. Yana da shekara 35. Dabarar ita ce, kalmar ba muƙami ba ce. Babu wata doka da ta ce mai wannan suna yana da iko kaza, don haka ba wanda zai ce an karya tsarin jamhuriya. Amma duk Barumen da ya ji ta, ɗakin bauta da duban tsuntsayen kafa birni ne za su faɗo masa a rai. An ɗaga mutum sama da kowa ba tare da an ambaci sarauta ba. A haka ya yi shekara 40 yana mulki, har ya mutu ranar 19 ga watan da ke ɗauke da sunansa, shekara ta 14 Miladiyya.

Sifa ta koma sunan mutum ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Sabo, Dogo, Gajere. Ta Latin ɗin ce dai ta ƙara gaba, ta zama sarautar da ake gada. A nan sigogin da muka jera suka sami aiki. Sigar mace, Augusta, ta zama laƙabin matan gidan sarauta, kuma matarsa Livia ce ta fara samun sa a shekara ta 14. Jam'i ma ya yi amfani: a shekara ta 293 sarki Diocletian ya tsara mulkin mutum huɗu, manya biyu su ne Augusti, ƙanana biyu Caesares. Masu sassaƙa dutse sai su ninka harafin ƙarshe, AVGG yana nufin sarakuna biyu, AVGGG uku. Yaron da aka tuɓe daga sarautar yammacin daular a shekara ta 476 kuwa, Romulus Augustulus ake ce masa. Ɗafa-ƙeyan -ulus na ƙanƙantarwa ne, kamar mu ce "ɗan ƙaramin Augustus".

Da yawa daga garuruwan da aka kafa da sunansa sigar mace suka ɗauka, kamar yadda mu ma muke cewa Kano ta cika, Katsina ta yi kyau. Augusta Vindelicorum ita ce Augsburg ta Jamus a yau. Augusta Praetoria ita ce Aosta ta Italiya. Caesaraugusta ta shiga bakin Larabawan Andalus ta zama Saraƙusɗa, daga nan ta zama Zaragoza.

YADDA TA ZAMA WATA

Sunayen watanni a Latin duk sifofi ne, suna sifanta kalmar mensis, wato wata. Da yake mensis namiji ne, sai a ce mensis Augustus. In za a ce "a cikin watan", sai hali na biyar: mense Augusto. Ranar farko ta wata kuwa sunanta Kalendae, jam'in mace ce, don haka Kalendae Augustae.

Da can sunan watan Sextilis, wato na shida, domin tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa. Shi ya sa har yau Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba suke ɗauke da lambobin Latin na bakwai, takwas, tara da goma, alhali su ne na 9 zuwa na 12. A shekara ta 44 kafin Miladiyya an mayar da Quintilis, na biyar, ya zama Iulius saboda Yuliyas Kaisar, wato Yuli. A shekara ta 8 kafin Miladiyya aka yi wa Sextilis haka. A Satumba aka haifi Augustus, amma ya zaɓi Sextilis domin a cikinsa ya fara zama shugaban gwamnati a shekara ta 43, a cikinsa kuma ya ci Iskandariyya.

Akwai labarin da ke yawo cewa ya ƙwaci kwana ɗaya daga Fabrairu don kada watan Yuliyas ya fi nasa tsawo. Wannan ƙagen wani marubuci ne na ƙarni na 13. Watan yana da kwana 31 tun gyaran kalandar da Kaisar ya yi, kafin a sauya masa suna.

Sarakunan baya sun gwada sa'arsu. Nero ya sa wa Afrilu sunansa, Domitian ya sa wa Oktoba, Commodus ma duka goma sha biyun ya sauya. Kowannensu na mutuwa jama'a suka koma wa tsofaffin sunaye. Sarki na iya ba da umarni, amma bakin mutane ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

INA "U" TA TAFI?

To, ga inda labarin ya taɓo tambayarmu. Mun ce ana danna gaɓar tsakiya, au-GUS-tus. Gaɓar farko ba ta da ƙarfi, ga shi kuma akwai wata "u" a gaɓar da ke biye. Bakin talakan Rum sai ya ga "u" biyu a jere sun yi yawa, ya yar da ta farko: agustus. Tun zamanin daular ana samun wannan rubutu, AGVSTVS, a jikin duwatsu. Abin da ya ci Doma kuwa bai bar Awe ba: auscultare (saurara) ta zama ascultare, augurium (duba) ta zama agurium, duk a bisa ƙa'ida ɗaya.

Malaman nahawu na lokacin sun ɗauki irin wannan furuci a matsayin kuskure. Amma daga shi 'ya'yan Latin suka gada. Italiyanci, Sifaniyanci da Fotugisanci duk agosto suke cewa. Faransanci ya ci gaba da sassaƙe ta, "g" ta faɗi, "s" ta faɗi, aka bar août. 'Yar hular da ke kan "u" alama ce ta "s" ɗin da ta ɓace. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san furucinta, "ut", wasu Faransawan ma "u" kawai suke cewa. Kalma mai gaɓa uku da aka zaɓa don ɗaukaka mutum ɗaya, ta koma wasali guda. Larabcin Masar da wasu ƙasashe yana cewa Agusɗus, a Maroko kuma Gusht.

Turanci ya riƙe rubutun Latin da "au", amma baki "o" yake furtawa. Ya kuma raba kalmar biyu da dannawa: in wata ake nufi, gaɓar farko ake dannawa, in sifa ce mai ma'anar alfarma, ta biyu.

TO, WANNE ZA MU RUBUTA?

Yanzu kowanne cikin ukun nan mun san inda ya dosa.

Ogusta ta bi kunne, wato yadda Bature ke furtawa. Augusta ta bi ido, an kwafo rubutun Turanci an ƙara "a". Matsalarta ita ce, ƙa'idar rubutun Hausa ta ce a rubuta abin da ake furtawa, kuma da wuya ka ji Bahaushe ya fara sunan watan da "au" irin ta "aure". Agusta kuwa ita ce ke cikin ƙamusoshin Hausa, ita ce kuma ta fi yawa a jaridu da labaran rediyo. Farkonta ya yi daidai da na Larabci, da na Italiyanci, da na talakan Rum na wancan zamani. Ita ya kamata ɗalibi ya riƙe, musamman a jarrabawa.

Sai batun "a" ta ƙarshe. Wani zai ga Agusta ya ce ai sigar mace ce ta Latin. Kama da wane ba ta wane. Wannan "a" tamu ce. Hausa tana iya haƙuri da baƙi ɗaya a ƙarshen kalmar aro, kamar Maris, ofis, tebur, amma ba ta yarda da baƙi biyu a jere irin "st". Dole a sa wasali, kamar yadda aka yi a banki da fenti da siminti. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka. Ga shi kuwa maƙwabtanta huɗu a kalanda, Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba, duk da "a" suka ƙare.

A Hausa kuma kalmar ta bar ajin sifa gaba ɗaya, ta zama suna. Gwada ka gani: muna cewa "sabon wata", muna cewa "wata sabo", domin "sabo" sifa ce, tana iya zuwa gaba ko baya. Amma ba ma cewa "Agustan wata". Sai dai "watan Agusta", suna biyu da mahaɗi a tsakani, kamar "garin Zariya". Ba ta da sigar mace, ba ta da jam'i. Daga cikin sigoginta masu yawa na Latin, ɗaya tak ta iso mana, ita ma sai da muka yi mata ɗinki daidai jikinmu.

AIKIN GIDA

1. Sifar Latin bonus (nagari) tsarinta ɗaya da augustus. Kawo sigar mace da ta jinsi na uku, tilo da jam'i, a halin aikau.
2. Kawo sunayen mutane uku na Hausa waɗanda asalinsu sifa ce, ban da Sabo, Dogo da Gajere.
3. Yuni da Yuli da "y" suka fara a Hausa, alhali a Turanci da "j" suke farawa. Me wannan yake nuna maka game da hanyar da suka biyo?

Sai mun ji daga gare ku.